Ƙarshen Fim ɗin Baba Mai Tocila

Maƙwabcina Baba Mai Tocila ya tsufa yana aikin silima, amma kada ku ɗauka shi ke juya majigi. Aikinsa haska wa mutane kujera da korar masu ɗora ƙafa. Da fim ya kusa ƙarewa sai ya fita ya zare sakatun ƙofofi ya tsaya a waje, saboda haka duk finafinan duniya ya san kansu, bai san wutsiyarsu ba.

Akwai wanda ya fi so, na wani direban kumbo da ya sauka a duniyar ƙanƙara, ƙofa ta maƙale, ya fita ya tura ta daga waje. Daidai nan Baba ke tashi. Sauran shi ya ɗinka da kansa: wai direban ya kama igiya, ya dawo gida, matarsa ta yi masa faɗan daɗewa. Mun sha labarin nan a bakin famfo har mun haddace. Jikarsa kuwa, wadda yake kira amarya, 'yar firamare, da shi aka yaye ta. In ka ce Kaka na ƙarya, za ka sha cizo.

Ran nan da rana na shiga aron dutsen guga, na tarar jikar tana kallon katun ɗin nan na dangin jakuna masu ban dariya. Sai ga uban jakunan da bokiti a ka, yana tura ƙofar kumbo, ga kiɗan fim ɗin sak. Baba ya miƙe da carbi a hannu.

"Amarya, direbana ne! Wallahi shi suke kwaikwayo!"

Ƙofa ta rufe, kumbo ya tashi, aka bar jaki yana ɗaga kofato, ƙanƙara na binne shi. Ni da bakina ba ya da linzami na ce, "To Baba, ina igiyar? Ko ɓera ya ci?"

Ba wanda ya yi dariya. Yarinya ta juyo ta ce, "Kaka, ba ya dawo gida ba?"

Ya ce sharrin jakuna ne. Ta ce a nuna mata na gaskiya. Uwarta ta lalubo fim ɗin a waya, aka jingina da kofin shayi, muka zauna kamar masu jiran likita. Ni kuwa ina ta tsine wa bakina a zuci.

Jakuna ba su yi ƙarya ba. An bar direba.

Baba ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya ce, "Ban taɓa gani ba, amarya. A waje nake tsayawa. Na ga dai mutane na fitowa shiru, na ce ko barci ne."

Yarinyar ta yi ta kallonsa, hawaye har haɓa. Can ta kife wayar a tabarma.

"Su sun bar shi. Kai ne ka je ka ɗauko shi."

Ta matsa ta zauna a cinyarsa, ta ce ya fara daga inda aka rufe ƙofa. Ya gyara murya. Na buɗe baki zan sa nawa, uwar ta ɗora min dutsen guga a hannu ta nuna min hanya.