Abdurrazak Mahaman da Tuta ta Biyu

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Abdurrazak a garin Dogarawa a shekarar 1963, bisa abin da takardar haihuwarsa ta nuna, ko da yake yayarsa ta ce ya girmi hakan da damina ɗaya. Mahaifinsa Mahaman manomi ne, mahaifiyarsa kuwa A'i. Ya shiga lakwal, wato makarantar firamare, a 1970, sannan ya wuce kwaleji a Birnin Ƙonni, inda ya riƙe wata ƙa'ida ta ilimin fizik: idan abin da yake zaune ya fashe gida biyu, ɓangarorin za su nufi sassa masu kishiyantar juna, kuma gwargwadon rashin nauyin ɓangare, gwargwadon saurinsa.

Aiki

A 1985 wani ɗan kwangila ya ɗauke shi aikin fasa duwatsu da nakiya a yankin Malbaza. Al'adar ma'aikata a lokacin ita ce kafa jar tutar gargaɗi ɗaya, a gefen da babban ɓangaren dutse zai faɗa, domin a ganinsu hatsari yana inda nauyi yake. A watan Maris na 1997 aka umarce shi ya fasa wani ƙaton dutse wanda bayansa ke fuskantar burtalin da makiyaya ke bi zuwa rijiya. Ya ƙi kunna wuta. Da aka yi masa barazanar kora, sai ya ce: "Ranka ya daɗe, babban nan kusa zai kwanta. Ƙaramin nake tsoro."

Ya taka da ƙafarsa ya roƙi wani makiyayi mai suna Dogo ya janye garkensa da 'ya'yansa, ya kafa tuta ta biyu a gefen burtalin, sannan ya kunna. Wani guntu mai girman ƙwarya ya sauka tsakiyar burtalin. Duk da haka an sallame shi saboda saɓa umarni, amma tun daga ranar ba a sake fasa dutse a wurin da tuta ɗaya ba.

Iyali da ƙarshen rayuwa

Ya auri Sahiya a 1988. Bayan sallamarsa ya koma noman gero a Dogarawa har ƙarfinsa ya ƙare. Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, 14 ga Nuwamba, 2023, aka yi jana'izarsa bayan sallar la'asar. Ya bar 'ya'ya uku: Badi'a, Usama da Najiba. Dutsen da aka sa alama a kabarinsa shi ne guntun nan da ya sauka a burtalin, kuma Dogo ne ya kawo shi a kan amalanke; shekara ashirin da shida yana ajiye da shi. Allah ya jiƙansa da rahama.