Minti Ashirin Ina Kallon Bango

Akwai wata Laraba da ba za ta bar raina ba har in koma ga Allah. Shekara uku ke nan da rasuwar matata, amma duk sanda na tuna ta, wannan ranar ce take fara zuwa mini, tun kafin ranar jana'iza.

Matata ta yi fama da ciwon mafitsara. Ba ciwo ne mai kwantar da mutum ba, sai dai yana raba shi da mutane. Fitsari yakan matso ta ba shiri, in ba ta tashi nan take ba sai ya zubo. Alwala ba ta daɗewa a jikinta. Ta daina zuwa suna, ta daina zuwa biki, ita da a da mata sukan gane ta iso tun daga soro saboda dariyarta.

Da ƙwayoyi suka ƙi aiki, wani likita a Kano ya ce akwai allura da ake yi a cikin mafitsara, mutum ya koma gida a ranar. Kafin allurar ana zuba maganin kashe zafi ta wata siririyar roba, a bar shi minti ashirin ya ratsa. Karon farko ta sha azaba, ta fito tana jan ƙafa, ta rantse ba za ta sake komawa ba. Ta samu sauƙi na watanni, sannan ciwon ya dawo, daidai lokacin da aka sa ranar bikin 'yarmu ta fari. Ta ce a ɗaki za ta yi bikin, daga ita sai buta.

Wata rana tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ba tare da ta ɗago kai ba, ta faɗa mini gaskiya. Ashe a wancan karon, da aka zuba maganin aka zare robar, nas ɗin ta fita, sai fitsari ya matso ta. Ta lallaɓa banɗaki ta zubar da komai, ta dawo ta kwanta shiru. Kunya ta hana ta faɗa wa kowa.

"Malam, babu magani a jikina aka yi mini allurar nan," ta ce.

Na yi kwana biyu ina lallashi kafin ta yarda. Muka hau mota daga Ɗambatta zuwa Kano da sassafe. A asibiti ni na yi wa nas ɗin bayani, wata dattijuwa mai tabarau, ina magana ina kallon takalmina. Ta girgiza kai ta ce, "Baba, da an gaya mana ai da ba ta sha wannan wahala ba." Ta shiga da ita, can ta leƙo ta ce in zo in taya ta zama har lokacin ya cika.

Na tarar da ita a kwance, an lulluɓe ta da zane. Ta ce mini a hankali in yi wa Allah kada in ba ta dariya, don in ta yi dariya maganin zai zube, a koma gidan jiya. Na ce to. Na ɗaure fuska kamar mai zaman makoki, na naɗe hannu. Ta kalle ni sau ɗaya, sai na ga kafaɗunta suna rawa.

"Malam, juya baya. Fuskarka ce matsalar."

Na ɗauki kujera na juya ta, na fuskanci bango. Na nemi maganar da babu abin dariya a cikinta, na fara ba bangon labarin takin da zan kai gona ta gabas. Daga taki sai bakina ya zame ya faɗa kan bunsurun maƙwabcinmu da ya cinye mini hula a kan igiyar shanya. Na ji wani ɗan sauti a bayana kamar na tulu yana cika. Na yi shiru. Shirun ma ya zama abin dariya. Ni kaina na cusa bakin rigata a baki, hawaye suna zuba, ita kuma tana ta salati da muryar da ke karyewa.

A haka nas ɗin ta shigo. Ta ga miji ya juya wa matarsa baya yana share ido, mata tana salati. Ta ajiye tiren hannunta, ta fara yi mana nasiha a kan haƙuri da zaman aure, tana cewa asibiti ba wurin faɗa ba ne. Nan ƙarfinmu ya ƙare. Matata ta fashe da dariyar da na shekara ban ji ba, har gadon yana motsi, tana cewa shi ke nan, ya zube.

Da nas ɗin ta gane zancen, sai da ta dafa bango ita ma saboda dariya. Ta ce wannan karon ba ta zare robar ba, ta bar ta a ciki ta matse bakin robar da ɗan maƙali, ko ɗigo ba zai fita ba. Ashe minti ashirin muka yi muna yaƙi da dariya a banza. Ba ta faɗa ba, mu kuma ba mu tambaya ba.

Aka yi allurar. Ta fito da ƙafarta, ta ce bai wuce cizon tururuwa ba. Ranar biki ta zauna cikin mata tun hantsi har la'asar, ni kuma ina soro da baƙi ina jiyo muryarta.

Wata rashin lafiya ce daban ta ɗauke ta daga baya, Allah ya jiƙanta. Abin da na koya ba mai yawa ba ne. A gaban mai magani, ka faɗi abin da ya faru ko da kunya, kuma ka tambayi abin da aka yi maka. Sannan in Allah ya haɗa ka da mai dariya, kada ka juya mata baya. Da na sani, da minti ashirin ɗin nan fuskarta na kalla.