Ƙwayoyin da Kawu ya watsar

Ƙamshin gasasshiyar doya a hanyar Doma ya tuna mini da Inna. Da ciwon daji ya kai ƙwaƙwalwarta, likita ya ba ta ƙwayoyin rage kumburi, ya ce kada a yanke su farat ɗaya. Ciwon kai ya lafa, kumatunta suka ciko, har ta koma mitarta ta kullum: "Yarinya, manjan nan ya yi kaɗan!" Tana faɗa tana lasar yatsu.

Sai ƙanenta, Kawu, ya zo, ya ce maganin ne ke kumbura ta. Ya watsa ƙwayoyin a kwata, ya kawo jiƙo. Ba ta sake gane ni ba.

Allah ya jiƙan Inna. Kai kuwa Kawu, Allah ya isa. Ranar hisabi ni ce shaida.