Wutar da Kulu Take Kashewa

Lokacin da cikina na biyu ya tsufa, muna zaune a wani gari mai sanyi a arewacin Ingila, ungozomar asibiti ta yi mini wata tambaya da ta hana ni sakat. Ta ce idan naƙuda ta zo da rana, wa zan bar wa yarona? Bashir a lokacin bai isa shiga makaranta ba. Maigidana kuwa a wani gari yake aiki, da sassafe yake bin jirgin ƙasa, sai bayan magariba ya dawo. Na buɗe baki zan faɗi suna, sai na tarar babu sunan da zan faɗa. A gida ai wannan ba tambaya ba ce. Tun kafin wata ya kama za a zo a kwashe ki a kai ki ɗakin uwarki, yaro kuma ya bi 'yan'uwansa, ba ma wanda zai san a wane ɗaki ya kwana.

Kada a ɗauka wahala muke sha, wallahi muna cikin rufin asiri. Ɗakunanmu biyu da ɗumi, ruwa a famfo, ga shago a bakin layi. Na koyi tuƙa tuwo da garin semo, kuka da daddawa kuma ba su yanke mana ba, duk mai zuwa daga gida sai an ɗora masa ƙulli. Ranar Asabar maigidana ya naɗe hannun riga ya tsaya wanke-wanke yana waƙa, ni kuwa ina tsokanarsa cewa da abokansa na Mafara za su gan shi, da ya shiga uku. Na ji daɗin wannan zaman, ba zan ɓoye ba. Ba mai leƙa tukunyata, ba mai tambayata ina za ni. Ni dama can ba na son roƙo, ko allura ce gara in saya da in ara. Sai ga shi na zo ƙasar da kowa haka yake.

Ranar da na dawo daga asibitin, ina tsaye gaban murhun gas, kakata ta faɗo mini a rai.

Sunanta Hauwa'u, amma mu jikokinta Kulu muke ce mata kai tsaye, tana zaginmu muna dariya. Asalinmu wani ƙauye ne a bakin gulbi, ta wajen Maradun. Da aka zo aikin dam ɗin Bakalori ruwa ya ci gonakinmu da gidajenmu, dangi suka watse, wasu sabon matsuguni, wasu Bakura, wasu ma ba mu sake jin ɗuriyarsu ba sai bayan shekaru. Manya sun sha baƙin ciki a lokacin, ina tuna yadda suke yin shiru idan yaro ya shigo. Babanmu ya sami aikin tuƙa motar ɗibar ƙasa a wajen haƙar magudanan ruwa, ya kama mana hayar gida a Talata Mafara, unguwar da ma'aikata suka cika. Kowa a layin nan baƙo ne. Katangarmu ɗaya da wani ma'aikacin gwamnati Kirista, mutumin Zuru, matarsa ana ce mata Maman Rahila.

Baba ya shigo da abubuwan birni gidan: risho, fitilar ƙwai, ashana kwali guda. Innarmu ta yi murna. Kulu ta dubi rishon sama da ƙasa ta ce abincinsa warin kananzir yake yi, ta jera duwatsunta uku a ƙofar ɗakinta, ta ci gaba da girkinta da kara da itace. A nan muke taruwa bayan an ci tuwo, ni da ƙannena, daga baya har da Rahila, wadda take tsallako katanga da kwanonta a hannu. Kulu ta miƙe ƙafa, ta tura gyaɗa ko dankali cikin toka, ta yi ta ja mana rai da hirar ciwon gwiwarta har sai mun fara roƙo.

Sannan ta ce, “To ku yi shiru, ga ta nan tahe, ta gaji da tahiya.”

Mu ce, “A ba ta tabarma.”

Akwai abin da na lura da shi tun muna sababbin zuwa. A ƙauye, idan an gama hira, Kulu takan rufe garwashi da toka don ya kai safe. A Mafara kuwa sai ta ɗebi ƙasa ta binne shi, har ta bi da ɗan ruwa. Gari na wayewa ta miƙo mini fasasshen kasko.

“Ke Luba, tashi ki ɗebo muna wuta gidan Maman Rahila. Ki gaishe ta da kyau, ki tambayi maigidan da ɗiya.”

Inna takan ce, “Haba Iya, ga ashana nan. Sai a ce ba mu da komai.”

“Ashanarki ta san sunan wa cikin garinga?” in ji Kulu, ta ci gaba da jan carbinta.

Wata rana ni za a aika, wata rana ita da kanta za ta ɗauki kaskon, ta tafi tana ɗingishi, kuma sai rana ta yi sama za ta dawo, garwashin ya daɗe da mutuwa a hannunta. Ni kunya nake ji. Na ce mata gaskiya ni na gaji da bara. Daren ranar ta ba mu tatsuniyar da har yau nake iya jin muryarta a ciki.

Wai wasu mata biyu ne fari ya koro daga garuruwansu, suka sauka a gari ɗaya, kowacce ta yi bukkarta. Ta farkon, a kan hanya ta taimaki wata tsohuwa da ruwan sha, tsohuwar ta ba ta garwashi guda wanda ba ya mutuwa. Ko an yi ruwa, ko an yi iska, yana nan ja wur. Matar nan ba ta taɓa shiga gidan kowa neman wuta ba. Da fari mutanen gari suka yi ta sha'awarta, suna cewa ga mace mai tattali. Daga baya suka saba, suka bar ta da halinta. Ta biyun kuwa sakarai ce wajen wuta, kullum tata a mace take kwana. Kowace safiya tana gidan wannan, gobe tana gidan wancan, har mata suna yi mata dariya. A wajen jiran garwashi ya kama ta san sunan 'ya'yan kowa, ta san wadda mijinta ba shi da lafiya, ta san wadda akuyarta ta haihu.

Da damina ta sauka sai kurkunu ya kama su duka biyu a ƙafa, kowacce ta kwanta ba ta iya fita. Mai yawon ɗibar wuta, safiya ɗaya aka yi ba a gan ta ba, kafin hantsi mata sun cika bukkarta, wannan da kunu, wannan da magani.

Nan Kulu takan tsaya ta tono gyaɗa daga toka, ta yi ta hura ta, mu kuwa kamar mu yi kuka.

“Ita ko waccan mai garwashi, ɗiyana, tana kwance, yunwa na cin ta. Amma wutat tata tana ci, hayaƙi na hita ta saman bukka. Duk wanda yab biyo ta nan sai ya ɗaga kai ya ce, a'a, wance lahiyatta lau, ga ta can tana girki. Sai ya wuce abinai.”

Haka ta yi kwanaki. Tana jin takun mutane a bayan zana, muryarta ba ta kai musu. Da ta ga za ta mutu, sai ta ja jiki zuwa bakin randa, ta ture ta da sauran ƙarfinta, ruwan ya malale kan garwashin, ya yi ƙara ya mutu. Washegari wata mai wucewa ta ɗaga kai ba ta ga hayaƙi ba, ta ce lafiya kuwa? Ta leƙa. Da haka aka ceto ta.

Ƙanena ya tambaya ko ta yi baƙin cikin garwashin.

“Ta yi mana, abu mai kyau na. Amma da ta warke, ita tar riga kowa hita da kasko.” Ta kakkaɓe zanenta. “Nan ni baro ta, wanda yat tsinta tashi ta. Ku tashi ku ba ni wuri.”

A lokacin abin da na ɗauka daga ciki shi ne kurkunu mugun ciwo ne. Sai da na tsaya a ɗakin girkin nan na Ingila, labulenmu a wanke, fitilarmu a kunne, ƙamshin miya yana fita ta taga, na gane duk wanda ya wuce ƙofarmu abin da zai ce ke nan: waɗannan lafiyarsu lau.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata tsohuwar Baturiya ce mai suna Magaret, ita kaɗai da kyanwarta. Mun daɗe muna haɗuwa a matakala, murmushi kawai muke yi wa juna. Washegarin ranar da na dawo daga asibitin na kama hannun Bashir, na tsaya a ƙofarta kamar wadda za ta yi sata. Na ƙwanƙwasa. Da ta buɗe na ce ina girki albasa ta yanke mini, ko tana da guda? Alhali kuwa rabin buhu na baro a bayan ƙofa, maigidana sari yake yi mana a kasuwar Indiyawa. Ta dube ni, ta dubi cikina, ta shiga ta daɗe tana bincike, ta fito da wata 'yar ƙarama da ta fara tsiro.

Da na ba maigidana labari ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce gobe in mayar mata da manya biyu, mutanen nan ba sa son a ci musu abu. Na ce ba zan mayar ba. Ban taɓa ganin Kulu ta mayar da garwashi ba.

Bayan kwana biyu na koma, albasa kuma. Daga nan sai tambayar wace rana ake fitar da shara, sai wace bas ce take zuwa asibiti, abubuwan da duk na sani. Bashir ya ƙulla abota da kyanwar, har ya fara ja na zuwa ƙofar da kansa. Magaret ta fara cewa mu shigo. Shayinta kamar ruwan zafin da aka nuna wa ganye daga nesa, amma na sha, na yaba. Na san mijinta ya rasu, ɗanta yana wata ƙasa mai nisa, waya yake yi mata ranar Kirsimeti. Ita kuma ta san sunan Mafara, ko da yake har muka rabu ba ta iya faɗinsa daidai ba. Ya zama kullum da hantsi, idan na gama shara, sai mun leƙa ta. Maganar riƙon Bashir kuwa kullum da ita nake fita, in dawo da ita, bakina ya kasa faɗa.

Naƙudar ta zo kafin lokacin da aka ce, wata safiya bayan maigidana ya fita. Ta zo da ƙarfi, ba irin ta Bashir ba. Na durƙushe a ɗakin girki na kasa tashi, wayar gidan tana can ɗaya ɗakin, Bashir yana tsaye a kaina yana kuka. Na ji tsoro a ranar, tsoro na gaske. Ina cikin kiran sunan Allah sai na ji ana buga ƙofa, aka kuma ɗaga murfin kafar wasiƙa.

“Luba? Yau ban ji ku ba. Lafiya?”

Bashir ne ya ja kujera ya buɗe mata. Ita ta kira motar asibiti, ita ta nemo maigidana a wajen aiki, ita ta riƙe mini hannu har suka iso. Ban ce mata ta riƙe yaron ba, ita ma ba ta tambaya ba, ta dai saɓa shi a kafaɗa tana ɗaga mini hannu. Kafin la'asar na haifi 'yata lafiya.

Har zuwa lokacin na ɗauka Kulu dabara take yi don mu, don baƙi su sami wanda zai tsaya musu. Hakan ne, amma ban ga ɗaya rabin abin ba, sai bayan na dawo gida da jaririya. Magaret ta shigo ganin ta, ta karɓe ta a hankali, ta zauna a bakin gado. Na fara yi mata godiya irin tamu mai tsawo, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

Ta ce, “Na sha ganin mijinki yana hawowa da buhun albasa, kin sani.”

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Ita kuwa idonta yana kan jaririyar.

“Ni ba na cin albasa, tana ɓata mini ciki. Waccan ta farko ma ban san yadda aka yi ta kwana a gidana ba. Amma tun ranar, duk fitar da zan yi kasuwa sai na sayo, don kada ki zo ki tarar babu. Tun da mijina ya rasu ba wanda ya sake buga mini ƙofa yana neman wani abu a wurina.”

Ta gyara wa yarinyar hula, ta tambaye ni ko za a bar ta ta zo ranar suna.