Gwaggo Asabe, Mai Saukar da Dokin Ƙofa

Da hantsi labarin ya same ni, ina zaune a rumfata a kasuwar Funtua, ina juya keken ɗinki na hannu. Direban wata motar auduga da ta taso daga wajen Kafur ne ya tsaya a kaina ya yi sallama, ya ce a ƙauyenmu aka ba shi saƙo: Allah ya yi wa Gwaggo Asabe rasuwa, har an kai ta makwancinta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na saki hannun keken. Hayaniyar kasuwa ta yi mini nisa kamar daga ƙetaren kogi take zuwa.

Ƙanwar mahaifina ce. Mijinta ya rasu ba su samu haihuwa ba, ta dawo gidanmu ta riƙe sana'ar daɓe. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, tafin hannunta kullum ja saboda makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake shafa wa daɓe ya yi ƙarfi da sheƙi.

Ni kuwa shan inna ya kama ni tun ina ƙarami, ya tafi da ƙafafuna biyu, da hannu da gwiwa nake tafiya. Ɗakin mahaifiyata yana da dokin ƙofa mai tsawo, irin wanda ake ginawa don tare ruwan damina. Kowa tsallake shi yake yi bai ma lura ba, ni kuwa katanga ce a gare ni. In manya sun tafi gona, a ciki nake yini, ina kallon hasken rana yana rarrafe a ƙasa daga wannan bango zuwa wancan, ina jin muryoyin yara a waje kamar a mafarki.

Wata rana Gwaggo ta zauna a tsakar gida tana kallona ina ƙoƙarin haurawa, har na kife na fasa leɓe. Ta share mini jinin da gefen zanenta, ta tashi ta ɗauko fartanya. Tana cikin sara mahaifina ya shigo.

Ya ce, "Asabe, lafiyarki kuwa? Ga hadari ya fara haɗuwa. In ruwa ya shiga ɗakin nan, gindin ginin zai jiƙe ya zubo a kan mutane."

Ta ce, "Yaya, ruwa zan yi masa hanya ya wuce. Yaron nan fa, haka zai girma a cikin duhu?"

Ya dube ni, sannan ya ce, "To, in ya zube ke kika sani." Ya juya ya fita.

Ta saukar da dokin ƙofar, ta yi masa gangare mai laushi ciki da waje, ta haƙa 'yar magudana a gaban ɗakin ta shimfiɗa mata tsakuwa, ta daɓe komai. Ranar da aka yi ruwan farko duk gidan ido ya koma kan ƙofar nan. Ruwa ya taho da gudu har bakinta, ya yi kamar zai shiga, sai ya karkata ya bi magudanar ya fice. Da aka ɗauke, na fita ni kaɗai, ba wanda ya ɗauke ni. Har yau ina tuna yadda na ga sama ta yi faɗi, da sanyin ƙasa a tafin hannuna, da shamuwa a kan bishiyar kuka. Ban tsaya ba sai da na kai zaure. Mahaifina yana zaune a can, ya matsa mini gefen buzunsa.

Bayan haka ta binne mini randa zuwa rabinta don in kai ga ruwa, ta kafa mini turke a banɗaki in riƙa dafawa. Labari ya bazu, aka fara aiko mata daga Maska, daga Bakori, har ƙauyukan Malumfashi: ga tsohuwa gwiwa ta hana ta tashi daga tabarma, ga manomi shanu sun karya shi. Ba ta fara aiki ranar da ta isa. Takan ce wa matan da ke taya ta, "Kada ki taɓa ƙasa sai kin zauna kin ga yadda mai ɗakin ke tashi da yadda yake kwanciya." In wani ya ce aikin ya ɓata kyan ɗaki, sai ta ce, "Mai kwana a ciki nake yi wa, ba mai wucewa ba."

Na taɓa bin ta a kan jaki zuwa wani gidan Maguzawa, wurin wani dattijo, Baba Nomau, wanda ciwon ido ya makantar da shi har ya daina fita. Ta ɗaura masa igiyar rama daga ƙofarsa zuwa rumbunsa, daga rumbu zuwa inuwar tsamiya, ta dasa ɗoɗɗoya a bakin ɗakinsa don ƙamshi ya riƙa gaya masa ya iso gida. Ya kama igiyar ya bi ta a hankali, ya kai rumbu, ya rungume shi yana shafawa. Ya ce, "'Yar nan, na zaci ni da dawata sai a lahira."

Bara ɓarin jikinta ya shanye. A lokacin aka lura ɗakinta shi kaɗai ya rage da dogon dokin ƙofa a gidanmu, ba ta taɓa samun sararin waiwayarsa ba. Matan da ta koya wa aiki suka taru daga ƙauyuka, Musulmi da Maguzawa, kowace da madaɓinta, don su saukar mata da shi. Aka fito da ita inuwa tana kallo, tana nuni da hannun da ya rage mata in gangaren ya yi tsaye da yawa. Ni na shafa makubar, tunda na fi kowa kusa da ƙasa. Da ya bushe aka mayar da ita ciki, sai ta ja jiki ta fito da kanta, ta dube ni da bakinta da ya karkace, ta ce, "Ashe haka ka ji." Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka Asabe, ka yafe mata kurakuranta. Ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka sauƙaƙa mata shiga Aljanna kamar yadda ta sauƙaƙa wa bayinka masu rauni. Ba ta bar ɗan cikinta ba, ta bar yayanta, mahaifina, ya tsufa yana kukan rashinta, ta bar mu da ta raina, da matan da ta koya wa sana'a. Allah ka ba mu haƙuri, ka sa albarka a hannuwansu. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.