Motar da Ba Ta Sallama

Ƙarar taɓarya ce a cikin turmi, irin wadda ake ji kullum ba mai waiwaya, ta jawo duk abin da zan ba ku labari. Har yau in na ji ana lugude sai ranar nan ta faɗo mini a rai, ranar da shef, shugabanmu a wurin aiki, ya tsaya a ƙofar gidana ina tsakiyar rera masa waƙar tsiya.

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, motar lantarki kuka tarar, ba ku san tsohuwar ba. Bari in fara da yadda muke a lokacin. Ni matar gida ce, rabin yini nake aikin proje, wato shirin dashen itatuwa. Da yake na yi kwaleji, ina ɗan jin faransanci, aka ɗauke ni animatiris, wato mai tara mata tana nuna musu yadda ake cika leda da ƙasa, a sa iri, a rene shi har ya isa dashe. Wurin renon, pepiniyar, yana can ƙasan gari bakin rijiya. Sama da ni akwai shef, wani mai gilashi da muke kira Mushe Abdu irin na faransanci, wanda yake zaune a Keita, yana fitowa misiyo, wato zagayen duba aiki, ba tare da ya sanar ba. Ƙasa da mu duka akwai gardi, wato mai gadi, Baba Nomau, wanda aikinsa shi ne kada akuya ta sa baki a shukar.

Tsohuwar motar proje mai gazuwal ce, wato man dizal. Tun tana hawan dutsen da ke gaban garinmu ake jin tarinta. Kafin ta iso, maigari ya naɗa rawani, mata sun yi shara, kaji sun bar hanya. In ta tsaya bakin rijiya sai mun rufe tulunanmu saboda baƙin hayaƙi, kuma inda take ɗigar da mai ko ciyawa ba ta fitowa. Muna zaginta, ba mu san amfanin da take yi mana ba.

Wanda ya fi kowa morarta Baba Nomau ne. Matarsa, Inna Tsahara, ta samu shanyewar ɓarin jiki, 'ya'yansu kuma duk suna nesa. Ba ta yarda kowa ya juya ta ko ya ba ta kunu sai shi. Saboda haka bayan azahar yakan ɗaure ƙofar pepiniyar da igiya ya leƙa gida. Da ya ji tarin mota sai ya ajiye ƙwarya ya dawo bakin aiki. Duk gari an sani, biro, wato ofishinmu, shi kaɗai ne bai sani ba. Shi ya hana a faɗa, yana tsoron a ce ya tsufa, nauyi ya yi masa yawa.

Bayan kaka aka kawo sabuwar mota. Fara ce, ba ta shan mai, a biro ake cika mata batir da hasken rana daga panon, wato allunan sola, da aka jera a kan rufi. Zuwanta na farko, sai ganinta aka yi a tsakiyar gari. Maigari na zaune da singileti yana yanke farce. Wata tsohuwa ta saki tallenta tana neman tsari. Direbanta, shofer Hamidu, ya fito yana ta washe baki, yana nuna wa yara cewa ba ta da bututun hayaƙi.

Da suka gangara pepiniyar suka tarar da ƙofa ɗaure, ba kowa. Ranar kuwa shef ya fito ne daga wani ƙauye inda awaki suka cinye shukar shekara guda. Baba ya iso yana haki.

Shef ya ce, "Baba, girmanka ne ya hana ni yin abin da ya kamata yau. Amma in na sake tarar da ƙofar nan ba kowa, wani zan sa."

Da suka tafi na samu Baba zaune a kan bulo, hularsa a hannu. Ɗan albashin nan shi ne maganin Inna, shi ne kununta.

Ya ce, "Ɗiyata, ni mi na yi? Waccan tana gaisuwa tun daga nesa. Wagga ko sallama ba ta yi."

Na kwana da maganar a raina. Da safe na faɗa wa maƙwabciyata Kande a bakin rijiya. Kande kuwa bakinta ya fi reza, amma zuciyarta kamar man shanu.

Ta ce, "To a saya mai waya mana."

Na ce, "Ina rezon waya a kwarin can? Sai ka hau dutsi kake samu."

Ta dube ni ta ce, "Ke Rabi, ba gidanki ne na hwarko a tudu ba? Daga gindin dogon yaronki ai har gangare kike gani. Kuma kina da turmi."

Nan muka ƙulla. A garinmu ba a lugude sai da biki, saboda haka ba mai rikita shi da dakan yau da kullum. In na hango farar mota sai in fara, ina jefa taɓarya sama ina tafi. Kande ta karɓa, na ƙasa da ita su karɓa, har ya kai gidan da ke jikin na Baba.

Sai dai akwai matsala ɗaya. Iyayenmu sun hana dakan turmi babu komai a ciki, kuma ba wadda ta yarda ta zama ta farkon gwadawa. Dole kowace ta riƙa ajiye surfaffen hatsi a kusa. Hatsin da aka daka kuwa ba a zubarwa. Fura ta cika gari. A sha da safe, a sha da rana, a aika wa maƙwabta, su ma su aiko da tasu. Wata rana maigidana ya ɗaga faifai ya sake ganin fura, ya ce, "Rabi, wai suna za a yi gidan nan ba a hwaɗa min ba?"

Kuma ba kowane farin abu ne motar ba. Na taɓa tayar da gari saboda motar masu sayen albasa. Na taɓa sa Baba gudu saboda raƙumi ɗauke da fararen buhuna. Kande ta ce in na sake, za ta haɗa kuɗi a saya mini tabarau.

Wani lokaci bayan salla nakan tambayi kaina ko wannan ha'inci ne. Sai in ce ai ban yi wa kowa ƙarya da bakina ba, hatsina nake daka a gidana. In nemi gafara duk da haka, in tashi in jiƙa wani.

Haka muka ci rani. Duk zuwan shef, Baba na tsaye a ƙofa da sandarsa.

Ranar da asiri ya tonu, farkon damina ne. Ina shanya na hango ta, har ta ci rabin hawa. Na ruga na juye hatsi na fara. Na saba takan wuce gidana kai tsaye, saboda haka na ba hanya baya na saki jiki. Da ma na ƙirƙiri 'yar waƙa da nake bin lugude da ita:

"Kyanwar Keita ta shigo, ba tari ba atishawa,
Mai gilashi na ciki, Baba ajiye ludayi."

Ina cikin maimaitawa, 'yata Nana ta ja zanena. "Inna, baƙi."

Na ce, "Bari, ina aiki."

"Inna, mai gilashin ne."

Motar ta tsaya a jikin katangata, tagoginta a buɗe, ban ji tsayuwarta ba. Taɓarya na sama, na manta da ita, saura kaɗan ta sauko a kaina. Sai ga sallama daga zaure. Na yafa mayafi na fita.

Muka gaisa da shef, ya tambayi maigida da yara kamar ba komai. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce in saurara. Luguden Kande na tashi. Can ƙasa wani ya karɓa, can kuma wani, yana gangarawa gida bayan gida.

Ya ce, "Madam Rabi, a garinku kullum biki ake yi?"

Na ce, "Mushe, muna son hura ƙwarai."

Hamidu ya kifa kansa a kan sitiyari, kafaɗunsa na girgiza.

Shef ya ce, "Da tsohuwar mota ba na jin komai sai inji. Wannan kuwa har kukan kurciya nake ji. Tun rani na lura daka tana riga ni zuwa pepiniyar. Yau na ce sai na ga inda take farawa." Ya gyara gilashinsa. "Waƙar ma ba laifi. Shiga mu je."

Na leƙa na shaida wa maigida, na riƙo hannun Nana muka shiga. Wannan ne shigata ta farko. Tana tafiya kamar ana jan tabarma a kan yashi. Hanya fes, ba yaro ba kaza, duk lugude ya kore su. Da muka zo ƙofar Kande ta hango ni zaune a baya, ta tsaya da taɓarya a sama, baki buɗe. Ni kuwa addu'a kawai nake yi, don na san ba kaina na jawo wa ba, Baba na jawo wa.

Muka tarar da shi tsaye a ƙofa, ƙirji a gaba kamar soja. Sai dai a gaggauce ya bar sandar, ya taho da ludayi, kunu na ɗiga a hannun rigarsa.

Shef ya ce, "Baba, da ludayi ake korar awaki yanzu?"

Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya ɗaga mini hannu. Ya dubi ludayin, ya dubi shef.

Ya ce, "Mai ɗakina ce, ranka shi daɗe. Ba ta iya kai hannu baki. In ban ba ta ba, ba ta sha. Matan ga ba su da laihi, tausai na suka ji. In kora ce, ni kaɗai za a kora."

Shef ya ce a nuna masa gidan, muka taka da ƙafa. Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta. Inna na jingine da bango, ƙwaryar kunu a gefenta, rabi a sha. Ta ƙare masa kallo da idonta mai lafiya, ta ce da harshenta mai nauyi, "Kai ne yaron da ka hana ni ƙare kununa?"

Na ga kunya ta kama shef. Ya ce, "Ni ne, Inna. A yi mini aikin gafara." Ya juya ga Baba. "Zauna ka ƙarasa ba ta. Ni zan tsare ƙofa."

Allah da ikonsa, muna komawa muka tarar da wata jar akuya ta tura kanta ta ƙarƙashin igiya. Shef ya bi ta a guje cikin taɓo da takalminsa mai sheƙi, gilashi na zamewa, akuya na zagaya rijiya da shi. Mata suka fito da taɓarensu suna kallo. Kande ta ɗaga murya ta ce, "Mushe, a kawo maka ludayin?"

Da ya huce ya tara mu. Ya ce ƙofa ba za ta zauna ba kowa ba, wannan bai canza ba, akuyar nan ma shaida ce. Amma tunda mata suna cika leda a wurin, a mayar da aikinmu tsakanin azahar da la'asar, mu riƙa karɓa-karɓar tsaron ƙofar, Baba ya tafi gida da izini. Lugude kuma a ci gaba, don Hamidu ya ce garinmu ne kaɗai yake shiga ba ya taka birki saboda yaro ko kaza. Kande ta tambaya ko proje zai riƙa ba da hatsin. Ya yi kamar bai ji ba.

Baba ya ci gaba da aikinsa har bayan rasuwar Inna, Allah ya jiƙanta. Inda tsohuwar mota take ɗigar da mai yanzu ciyawa ta rufe shi, kuma mun daina rufe tulu. Na taɓa tambayar shef ina za a kai batirin ranar da ya mutu, kada a jefar mana da shi kusa da rijiya kamar ƙananan na tocila. Ya ce za a mayar da shi inda ya fito. Ni dai duk shekara sai na sake tambaya, ku ma ku riƙa tambaya.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, duk sabon abin da za a kawo ƙauye, ku fara bincika abin da mutane suke yi da tsohon wanda biro bai sani ba. Kuma in ma'aikaci yana ɓoye wani abu, ku bi shi gida kafin ku yanke masa hukunci.

A yammacin ranar nan muna hawa gida da ƙafa, Nana na riƙe da gefen mayafina, sai ta ɗago ta ce, "Inna, motar ba ta da baki ne, shi ya sa kike yi mata sallama?"