Na Kai Garba Goronyo, Ni Aka Fitar

RABAH

Mun bar gida ƙarfe shida saura kwata, bayan sallar asuba, ni da ƙanena Garba. Tun da ambaliya ta cinye masa albasa ya daina barci, ya daina magana, sai kallon bango. Na ji cewa duk Talata ma'aikatan lafiya na gwamnati da na wata ƙungiyar sa-kai suna zama a Goronyo domin masu ciwon damuwa. Na rubuta bayaninsa a takarda, lamba ɗaya zuwa tara.

WURNO

Kabu-kabu ya sauke mu bakwai da kwata. Muka sha koko da ƙosai. Direban motar Goronyo ya ce yanzu-yanzu za a tashi. An tashi takwas da rabi. Na nuna masa kuskurensa. Ya ce, "Baba, ni ka tuƙi ko agogonka?" A shingen 'yan sanda aka tambayi Garba ina za shi, na amsa.

GORONYO

Goma saura minti goma muka isa. Wata malama ta zaunar da mu, ta dubi Garba.

"Malam Garba, mi ka damun ka?"

Na karanta mata lamba ɗaya.

"Tun yaushe?"

Na karanta lamba biyu.

"Baba, shi ba ya da baki?"

"Gidanmu ƙane ba ya magana gaban wa nai."

"To, wa nai za shi hita."

Ni da furfurata aka ajiye ni kan benci a waje, minti hamsin da biyu, sauran lambobi bakwai ba a karanta ba. Can na jiyo muryar Garba ta taga, yana ta zuba.

Da aka kira ni, malamar ta ce, "Ya yarda in hwaɗa maka. Ya daɗe yana son magana, kullum kana riga shi." Shi aka ce ya dawo bayan mako biyu. Ni aka ce kullum in zauna kusa da shi minti goma, kada in ce uffan.

GIDA

Mun iso huɗu da ashirin. Bayan la'asar na fara aikin. Duk tafiyar nan babu zangon da ya ba ni wuya kamarsa. Sau uku na buɗe baki na rufe. A minti na takwas Garba ya juyo ya ce, "Yaya, ashe kana iyawa."

Amsa ina da ita, amma saura minti biyu, sai na riƙe.

Mun gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya. Malamar nan ma, duk da bencin, Allah ya saka mata.